Sunan Da Na Ɗinka a Aljihun Farar Rigarki

Wunti, Bauchi.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin samu gado mai kyau da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san da wannan takarda ba. Da ta sani da ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Na san za ki yi mamaki. Gubi, inda jami'arku take, ba Makka ba ce, napep biyu ne daga ƙofar shagona, ga kuma waya a hannunki. Amma akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa ba kina tsaye a gabana, kin sunkuyar da kai yadda kika saba. Sau uku ina kiranki shago cikin makon nan da niyyar in faɗa, sau uku ina ɓigewa da aikenki sayen zaren da ba na bukata. Shi ya sa na naɗe maganar na saka a aljihun farar rigar da na ɗinka miki ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, na tura ta can ƙasan akwati don kada ki gani sai kin isa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya shekara arba'in riƙe da almakashi ba ya bin layi.

Ni ba malami ba ne, ba ni da abin da zan koya wa 'yar jami'a sai kurakuraina. Da na zauna ina tuna su kuwa, sai na ga duk uwarsu ɗaya. Ni mutum ne mai ƙyashi, Ummi. A kasuwa Lawal mai haƙuri ake ce mini, saboda ba na ɗaga murya ko mai ɗinki ya zage ni. Ba su san abin da ke tafasa a ciki ba.

Kin san Sani ƙanena ne, kin san shi ya haife ki. Kin san ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos kina da shekara biyu, mahaifiyarki kuma ta bi shi kafin shekara ta zagayo. Ba ma ɗaga maganar a gida, amma unguwa ba ta da rufi, na tabbata tun kina firamare aka gama sanar da ke. Abin da ba a sanar da ke ba shi ne irin zaman da na yi da shi.

Tare muke zuwa makaranta ni da Sani. Ni ma ina da kai, kada ki ga ina laluben tabarau kafin in karanta saƙon waya. Ina aji biyu na sakandare idon Babanmu ya fara mutuwa, ya kasa zira zare a allura. Wata safiya ya kira ni ya ce ni ne babba, in ajiye littafi in hau keken ɗinki, Sani ya ci gaba, in ya yi karatu ai gida ya yi wa. A zamaninmu ba a yi wa uba musu. Na hau keke. Kullum da safe ina share ƙofar shago Sani zai wuce da jakar littattafai ya ce, "Yaya, na tafi," ni kuwa in amsa da ƙyar kamar an sa mini dole.

Ɗinkin farko da aka bar mini in yi ni kaɗai daga yanka har guga, kakin makarantar Sani ne. Ina sane na rage wa ƙafar hagu tsawo, na matse wandon yadda ba zai iya zama da daɗi ba. Na iya awo sarai, mugunta ce kawai. Ya saka, ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni, ya ce, "Ya yi, Yaya, na gode." Zango guda ya yi da wandon nan ana yi masa dariya, bai taɓa kai ƙarata wajen Baba ba. Ni da na so ya yi fushi mu yi faɗa in huce, sai ya bar ni da abina a ciki.

To ga abin da nake so ki ɗauka. A can za ki ga 'yan matan da iyayensu ke saukewa a mota, ki ga masu canza mayafi sau uku a wuni, ki ga wadda ba ta kai ki karatu ba ta fi ki maki. Za ki ji wani abu ya soke ki, don jinina ne a jikinki, ba na Sani kaɗai ba. Kada ki yaudari kanki ki ce ba komai, ki kira abin da sunansa, ki ce ƙyashi nake ji, sannan ki yi wa mutumin addu'a ko da baki ne kawai zuciya ba ta so. Abin da nake tsorata miki shi ne ranar da zai sauka daga zuciya zuwa hannu. Nawa ya sauka tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma za ki ji bai tsaya nan ba.

Sani ya gama karatunsa, ya samu aiki a ma'aikatar noma, ya yi aure, aka haife ki. Wata la'asar ya zo shago a kan sabon babur, ya zauna a bencin nan da kike zama ki sa maɓalli. Ya ce ya yi magana da wani malami mai ajin yamma na manya, yana so in koma in zana jarrabawar da ban zana ba, shi zai ɗauki nauyi, zai kuma sayo mini keke mai aiki da wuta. Ina jinsa ina kallon takalminsa mai sheƙi. Na ce masa ni ba mabaraci ba ne, ya kai sadakarsa ƙofar masallaci.

Ya ce, "Yaya, ba sadaka ba ce. Da allurarka na yi karatun nan."

Na miƙa hannu na ƙara murya a rediyo. Ya ɗan zauna, ya yi sallama, ya tafi. Wata biyu tsakani aka zo shago aka ce in rufe in zo asibiti. Har yau in na tuna, ba zagin da na yi masa ke damuna ba, rediyon nan ne.

Don haka, Ummi, kada ki taɓa jin kunyar tallafin da gidauniyar marayun nan ta ba ki. Sun ɗauke kuɗin rajista, sun kama miki ɗakin kwana, za su riƙa ba ki na littattafai da na abinci, sun haɗa ki da wadda za ta riƙa bibiyar karatunki. Kekena ba zai iya wannan ba ko zan kwana ina taka shi. In wata mai dogon baki ta ce miki 'yar tallafi, ki ce alhamdulillahi ki wuce. Amma ki cika musu sharaɗinsu. Sun ce a kai musu sakamako duk ƙarshen zango, ki kai, mai kyau ko marar kyau. In wani darasi ya fi ƙarfinki ki faɗa musu da wuri, kada ki ɓoye sai ya lalace. In sun kira taro ki je a kan lokaci. Mutanen da suka haɗa kuɗin nan ba su san fuskarki ba, kuma yadda kika riƙe amanar shi zai sa su buɗe wa wani maraya ƙofa a bayanki.

Yanzu zan shiga inda ya fi wuya. Lokacin da aka kawo ki gidana, ni da Mamanki mun shekara goma sha biyu da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma har yau bai ba mu ba. Sani ya samu karatu, ya samu aiki, ya samu 'ya, ni ina nan da keke da almakashi. Ranar da Mamanki ta goya ki muka shigo gida, ina kukan ƙanena da gaske, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani wuri a zuciyata da ya ji daɗi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Allah Ya yafe mini.

Da kika isa shiga firamare ni na kai ki, kin riƙe ɗan yatsana. Hedimasta ya buɗe littafin rajista ya tambayi sunan uba. Sani yana kan harshena, na haɗiye shi na ce Lawal. Babu wanda ya tilasta ni, babu wanda zai zarge ni, ai kowa ya san ɗan riƙo yakan tashi da sunan gidan da ya tashi. Na gaya wa kaina don kada ki ji maraici na yi. Gaskiyar kuwa ita ce ina so in ji an kira wani abu nawa a duniya. Duk ranar raba sakamako in aka ce Lawal ta zo ta ɗaya, sai in wuni ina ba masu ɗinki ragi ba su roƙa ba.

Akwai ranar da malamin masallacinmu, a karatun bayan la'asar, ya yi bayanin cewa addini ya ce a jingina kowane yaro ga mahaifinsa, ko da wani ne ya raine shi. Bai kalle ni ba, wataƙila ma bai tuna da ni ba, amma na ji kamar ni kaɗai yake wa magana. Kin san abin da na yi? Na canza masallaci. Shekara guda ina wuce na ƙofar gida ina takawa har bayan kasuwa, Mamanki na tambaya ina ce mata limamin can ya fi karatu mai daɗi. To ke, in malaminki ya ja miki jan biro, ko ƙawa ta gaya miki gaskiyar da ta yi miki zafi, kada ki canza masallaci. Ki zauna ki ji zafin, yakan wuce cikin kwana biyu.

Sai maganar fom ɗin bara. Ki zauna in a tsaye kike.

Kin tuna Maman Chidi, mai sayar da zare da maɓalli a shagon da ke jikin nawa, ita ta kawo miki fom ɗin gidauniyar bayan kin ci jarrabawar shiga jami'a. Ita ma marainiya ce, matan cocinsu ne suka haɗa mata ta gama sakandare a garinsu, shi ya sa maganar karatunki take hana ta sakat. Kika cike da rubutunki mai kyau, kika manna hoto, kika ba ni in kai wa mai unguwa ya sa hannu. A hanya na tsaya na karanta sharuɗɗan a hankali. An ce sai an haɗa da takardar rasuwar uba, kuma sunan da ke jikinta ya zama shi ne a takardun ɗalibi. In sun saɓa, sai mai riƙo ya je kotu ya yi rantsuwa a gyara. Wato sai na tsaya gaban hukuma na ce ba ni na haife ki ba, a goge Lawal a rubuta Sani.

Ban je gidan mai unguwa ba. Na dawo shago na ninke fom ɗin na tura a durowar keke, ƙarƙashin gwangwanin mai. Na ce wa kaina gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Kullum kika tambaya sai in ce mai unguwa ya yi tafiya, ko yana da baƙi, ko ya ce a dawo. Da wa'adi ya wuce na zo gida na ɗaure fuska na ce ya riƙe takardar har lokaci ya ƙure. Kika ce, "Ba komai, Baba, haka Allah Ya so." Muryar Sani sak, ranar wando.

Shekara guda kika zauna saboda ni. Ƙawayenki suka tafi, kina ganinsu a motar makaranta in sun shigo gari sayayya. Kika dawo shago kina guga, kina sa maɓalli, kina rubuta sunayen masu kaya a 'yan ƙyallayen da muke maƙalawa a wuyan riga don kada kayan wani su shiga na wani, na iyalinmu kuma ki rubuta "na gida" yadda na koya miki. Zan gaya miki abin da ya fi muni: na ji daɗin shekarar nan. Ina taka keke ina jin motsinki a bayana, masu ɗinki suna cewa 'yar Lawal akwai hankali. Ina gani kina ramewa, ina gani kin daina taɓa littattafanki, amma na yi biris. Na gaya wa kaina zan tara da kaina in kai ki, ba sai wasu baƙi sun raba ni da ke ba, alhali na san ko ɗinkin salla biyu aka haɗa ba zai kai ba.

Asirina ya tonu ne wata azahar. Na bar wa Maman Chidi shago na tafi salla, wani ya zo karɓar kaya, ta buɗe durowa tana neman almakashi ta yanke zare. Da na dawo na same ta zaune a kujerata, fom ɗin a cinyarta, mai ya ɓata rabin hotonki.

Ta ce, "Baba Ummi, wannan ba shi ne fom na bara ba? Kai ya ce mai unguwa ya riƙe. Ashe bai fita daga shago ba ma."

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta ce yarinya ta sha zuwa shagonta tana kuka a bayan kanta don kada in gani. Da na rasa mafita sai na gaya mata gaskiya, na ce suna za su cire. Sai ta ce, "Kai mutumin kirki ne, amma wannan abu ba kyau. Sunanka ba zai biya masa makaranta ba. Zan kawo sabon fom. In ka ɓoye kuma, ni da ƙafana zan je gida in faɗa wa Madam."

Ba ta faɗa wa kowa ba har yau. Shekara ashirin muna maƙwabtaka muna faɗa a kan wanda ya zubo shara ƙofar wani, ranar nan ta wanke ni tas kuma ta rufa mini asiri. In kin zo hutu ki shiga ki gaishe ta da kyau. Kuma a can ma ki lura, mai ƙaunarki ba lallai ya zama mai yarenki ko mai sallarki ba, kada ki tsaya cikin 'yan unguwarku kaɗai.

Kin tuna ranar kotu, ke kina zaune a benci a waje. Magatakarda ya karanta abin da aka buga ya ce in maimaita. Kin san sunan mahaifiyarmu aka sa miki, shi ya sa muke ce miki Ummi, kuma tunda nake ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Ranar na furta. Na ce Hauwa'u ba ni na haife ta ba, 'yar ƙanena ce Sani, marigayi. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba, mutumin ya buga hatimi yana hira da na kusa da shi a kan ƙwallo. Da na fito kika ga idona ya yi ja, na ce miki mura ce, har kika tsaya kika saya mini lemun tsami a bakin titi.

Da a ce daga nan na warke da na ji daɗin rubuta miki haka. Ban warke ba. Ranar da gidauniya ta tara ku a babban ɗakin taro, aka kira Hauwa Sani, kika tashi, aka yi tafi. Wani dattijo da ya yi aiki da mahaifinki ya taso har inda muke ya ce, "'Yar Sani ce? Ai ga kama nan. Kan ubanta ta ɗauko, ga shi ma noman za ta karanta." Ina tsaye a gefe da sabuwar shaddata, aka nuna ni aka ce wannan shi ne mai riƙonta. Dattijon ya ba ni hannu ya ce Allah Ya ba da lada, kamar wanda ya tsinci akuyar wani ya mayar. Ni na goya ki zuwa asibiti lokacin ƙyanda, ni na koya miki lissafi da maɓallai a kan teburin yanka, amma kan na Sani ne. Yana kwance a maƙabarta ya sake zuwa na ɗaya. Haka na ji, ba zan gyara miki shi ba.

Har Hajiyar nan da aka haɗa ki da ita mai bibiyar karatunki sai da na yi kishinta. Kwana uku ba ki da zance sai Anti Hajiya ta ce kaza, Anti Hajiya ta ce a riƙa kaza. Na daina cin tuwo da kyau, Mamanki ta ce ko ulsa ce. Baiwar Allah ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ki riƙe ta hannu biyu, ki riƙa gaya mata abin da ya dame ki, ta san hanyoyin da ni ban taɓa takawa ba. In na ɓata rai don kin ambace ta, ki bar ni, nawa ciwon ne.

Da na so in mutu da maganar nan, abu biyu suka hana ni. Na farko, mai unguwa ya tare ni makon jiya ya ce me ya yi wa 'yata, shekara guda ke nan in kin gan shi sai ki kau da kai ki gaishe shi a taƙaice. Mutumin da bai taɓa ganin fom ɗin bara ba, na bana kuwa a tsaye ya sa hannu har ya yi miki addu'a. Na bi shi zaure na gaya masa komai. Bai zage ni ba, ya ce shi ya yafe, amma ba shi na ci wa shekara ba. Na biyu, shekaranjiya da kika durƙusa kika ce kin gode, ko mahaifinki ne da rai iyakar abin da zai yi ke nan. Na kasa haɗiye wannan godiya. Sani da ya so ya mayar da ƙato mai gemu aji, shi ne zai ɓoye fom ɗin 'yarsa a durowa? Don haka in kin zo gida, gidan mai unguwa za ki fara shiga ki gaishe shi yadda ya kamata.

Sauran ƙananan abubuwa kin sani, amma bari in faɗa don hankalina ya kwanta. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce shayi da biredi sun isa. Kada ki bi ƙawaye zuwa bakin dam, ba ki iya ruwa ba ko a baho. In namiji ya ce zai koya miki karatu, ku zauna inda mutane ke wucewa, in kuma maganar ta wuce karatu ki nuna masa hanyar Wunti, ina nan. Ki riƙa kiran Mamanki, tun jiya take shiga ɗakinki tana gyara abin da yake a gyare. In maɓalli ya cire ki sa da kanki, shekara guda a shago ko ba komai kin iya wannan, ko da yake ramin maɓallinki har yanzu sai a hankali.

Yanzu ki ɗauki farar rigar ki duba. Makaranta ta ce a rubuta sunan ɗalibi a saman aljihu. Da na zauna yi, hannuna da kansa ya rubuta Lawal, sai da na gama na gani. Na daɗe ina kallonsa, ya yi kyau ƙwarai. Sannan na ɗauki reza na warware. In kika ɗaga rigar a rana za ki ga ramukan allura a ƙarƙashin sabon aikin, na yi guga sun ƙi ɓacewa. Na sake da shuɗin zare, Hauwa Sani, da hannu ba da keke ba, wuni guda ina yi. A shekara arba'in ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Wandon da na ɓata masa ke nan na samu na gyara. Sunan ubanki ne, mutumin kirki ne, ya fi ni ta kowace fuska, ki ɗauke shi kanki a sama.

Sai ki juya wuyan rigar ta ciki. Za ki ga ɗan ƙyallen nan da muke maƙalawa, na rubuta "na gida". Kin san in za a ba da kaya cire shi ake yi. Wannan ban cire ba, na ɗinke shi. Amma ban ƙulle zaren ba, kin san inda ake ja, ja ɗaya zai fita ba tare da ya bar alama ba. Shekarar da na ci miki ba zan iya mayar da ita ba, kuma ba zan ce dole ki yafe ba don na raine ki. In kin cire, hakkinki ne, ba zan tambaye ki ba, ba kuma abin da zai canza a gidan nan, ɗakinki naki ne. Ba sai kin kira ni a kan maganar ba, ni da ke ba mu iya irin wannan zance da baki ba. Ranar da kika zo hutu ki kawo mini rigar in yi mata guga yadda na saba yi wa kayan makarantarki. Zan juya wuyan in duba.

Allah Ya buɗe miki karatu, Ya sa ki gama lafiya, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa. Allah Ya jiƙan Sani da mahaifiyarki, Ya kai musu labarinki mai daɗi. Allah Ya saka wa waɗanda suka ɗauki nauyinki da alheri, Ya ƙara musu buɗi. Ya kai ki lafiya duk inda kika sa ƙafa, Ya dawo mana da ke lafiya. Ni kuma ki sa ni a addu'a Allah Ya cire mini wannan ciwo kafin in je in haɗu da ƙanena.

Wassalam.

Ni ne,
Lawal tela. A fom an rubuta mai riƙo, a gida kuwa kin san yadda kike kirana.